Kebul ɗin caji kaɗai da kebul mai ɗaukar bayanai: bambancin yana cikin sili biyu

A teburan masu sayar da kayan salula na babbar kasuwar Tahoua, da shagunan da ke bakin tashar mota, kebul yana cikin hajar da ta fi yawa, kuma shi ne abin da mutane suka fi saya ba tare da dogon bincike ba. Tambayar da ake yi guda ɗaya ce, wato ko bakin salular ƙarami ne irin na da, ko Type-C ne, ko kuwa na iPhone, kuma da zarar baki ya shiga, alamar caji ta fito a fuskar salula, ciniki ya faɗa. Idan wani ya ƙara da cewa, "Malam, wannan yana ɗaukar fayil zuwa kwamfuta kuwa?", amsar da ya fi samu ita ce, "Alhaji, orijinal ne, ɗauki abinka." Ba na ganin laifin mai sayarwa a nan, domin shi ma a kwali ya saro su daga Ƙonni ko Yamai, kuma ba a rubuta masa komai a jikin ledar ba. Amma kebul ɗin da ke rataye wuri guda kashi biyu ne: akwai wanda wuta kaɗai yake ɗauka, akwai wanda yake ɗaukar wuta da bayanai tare, kuma ido ba ya rarrabe su daga waje.

Tsarin USB, wanda irin waɗannan kebul suke bi, ya fito ne a shekarar 1996, bayan kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, sun haɗa kai domin samar da baki ɗaya da za a riƙa jona linzami da allon rubutu da na'urar buga takardu da shi a jikin kwamfuta. Ɗaukar bayanai shi ne aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, wutar da ke cikinsa kuwa 'yar kaɗan ce da aka tanada domin waɗannan ƙananan na'urori su samu abin aiki. Wanda ya yanka cikakken kebul na USB 2.0, wato tsarin da ya fito a shekarar 2000 kuma har yau shi ne ya fi yawa a hannun mutane, zai tarar da sili huɗu a ciki. Ja shi ne mai kawo wuta ta bolt 5, baƙi shi ne hanyar komawarta, fari da kore kuma su ne na bayanai, waɗanda ake kira D- da D+. Kebul ɗin caji kaɗai ja da baƙi ne kawai a cikinsa, kuma dalilin cire sauran biyun bai wuce rage kuɗin jan ƙarfe da na aikin liƙawa ba, domin masana'antar da ke yin kebul dubbai a rana tana ganin ribar kowane sili da ta rage.

Yawancin irin wannan kebul ma ba sayen sa ake yi ba, a cikin kwali yake shigowa gida. Fanka mai caji da kowa ke nema idan bazara ta kama, da tocila, da fawa-banki, da lasifikar Bluetooth, da injin aski, kusan kowanne yana zuwa da ɗan gajeren kebul nasa, kuma tun da waɗannan na'urori ba su da wani bayani da za su aika wa kowa, masu yin su ba su da dalilin sa sili huɗu. Kebul ɗin sai ya bar fankar da ya zo da ita, ya shiga aljihu ko jakar makaranta, ya gauraya da na salula, har a manta asalinsa.

Ranar da ake gane shi ita ce ranar da ake gaggawa. Ɗalibin jami'a ya je shagon buga takardu da aikinsa a cikin salula, ko mai ɗaukar hoton biki yana son ya juye hotuna a kwamfuta, ko ma'aikaci yana son ya ba kwamfutarsa intanet daga salula ta hanyar kebul, ko mai loda wa'azi da karatun Alƙur'ani yana son ya cika wa dattijo salularsa. An jona, salula ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da yake alamar caji ta fito, ba wanda yake zargin kebul, sai a koma kan kwamfuta a ce ta kamu da cuta, ko a ce ramin salular ya lalace, har wani ya kai wa mai gyara ya biya kuɗin canza ramin da lafiyarsa ƙalau. Abin da ya sa mutane da yawa suke shekaru da irin wannan kebul ba su sani ba shi ne Xender da Bluetooth da WhatsApp sun ɗauke musu buƙatar kebul wajen musayar fayil tsakanin salula da salula, ko da yake WhatsApp yakan rage ingancin hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba.

Silin bayanai ba a zuba su haka kawai cikin roba. Ana tufke fari da kore tare, sannan a naɗe su da takardar alminiyam, a kebul mai kyau kuma har da saƙar siraran wayoyi a bayanta. Saƙo ɗaya ake turawa ta kansu a lokaci guda, ɗaya a miƙe, ɗaya a juye, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa, saboda haka duk wata hayaniyar lantarki da ta shigo daga waje takan taɓa su daidai wa daida, sai ta soke kanta. Da wannan dabara ce USB 2.0 yake kai megabit 480 a sakan, a kebul ɗin da bai wuce mita 5 ba. A aikace abin da ake samu bai cika wuce megabayit 35 zuwa 40 a sakan ba, wato bidiyo mai gigabayit 4 zai ci kusan minti 2 idan komai ya tafi daidai. USB 3.0 na shekarar 2008 ya ƙara wasu sili, ya kai gigabit 5 a sakan, kuma sau da yawa ana gane babban kansa, wato wanda ke shiga kwamfuta ko caja, da shuɗin launi a ciki da haƙora 9 maimakon 4.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani shi ne wata magana da ta zauna a bakin mutane, cewa kebul ɗin caji kaɗai ya fi saurin caji, tun da wai bai raba ƙarfinsa gida biyu ba. Maganar tana da daɗin ji, amma sili huɗun nan ba rabon wuta suke yi ba, kowane biyu da aikinsu, kuma a mafi yawan lokuta akasin abin da ake faɗa ne yake faruwa.

Amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a sili, kuma ramin USB 2.0 na kwamfuta rabin amfiya aka yarda ya bayar, na USB 3.0 kuma amfiya 0.9. Da batiran salula suka girma, wannan ya yi kaɗan, sai aka buƙaci hanyar da salula za ta gane ko a jikin kwamfuta take, inda dole ta taƙaita abin da take ja, ko kuwa a jikin cajar bango wadda za ta iya ba ta fiye da haka. Ƙungiyar USB-IF mai kula da ƙa'idojin USB ta warware wannan a ƙa'idar cajin batir, wadda bugunta na 1.2 ya fito a shekarar 2010: cajar bango tana haɗe silin bayanai biyu da juna a cikinta, salula kuma idan ta gwada ta ga a haɗe suke, sai ta san caja ce, ta ja har amfiya 1.5. Apple ya bi tasa hanyar, inda cajarsa take ɗora wani adadin wuta na musamman a kan waɗannan sili biyu domin iPhone ta karanta. Tsarin Quick Charge na kamfanin Qualcomm, a bugu na 2.0 da 3.0, shi ma ta kansu salula take neman caja ta ɗaga wuta daga bolt 5 zuwa 9 ko 12. Abin ya yi kama da cinikin shanu a kara, inda mai saye da mai sayarwa suna tsaye kusa da juna amma sai ta bakin dillali farashi yake tashi. Idan babu dillali, kowa sai ya tsaya a kan tayin farko. Kebul mai sili biyu ya cire wannan dillali, saboda haka caja mai wat 18 takan tsaya a bolt 5, wasu salula kuma sukan koma rabin amfiya domin kariya.

Lissafin abin da hakan ke jawowa ba shi da wuya. Batir mai miliamfiya 5000, irin wanda ke cikin Tecno da Infinix da itel da yawa da ke hannunmu, zai ci aƙalla awa 10 kafin ya cika a rabin amfiya, alhali a amfiya 2 abin da zai ci bai wuce awa 3 ba. Ga mai zaune inda wuta ba ta yankewa, wannan jinkiri ne kawai. Ga wanda yake jiran wuta ta dawo ta yi awa biyu ta sake tafiya, ko wanda yake ƙauyen Keita ko Buza yana dogara da ƙaramin farantin sola kafin rana ta faɗi, bambanci ne tsakanin kwana da salula a kunne da kwana da ita a mace.

Duk da haka maganar mutane tana da tushe, kuma adalci ne a faɗe shi. Wasu masu yin kebul ɗin caji kaɗai sukan haɗe haƙoran bayanai biyu a cikin kan da ke shiga salula, ta yadda duk inda aka jona ta za ta ɗauka cajar bango ce. Da irin wannan kebul, salula takan yi caji da sauri a jikin kwamfuta ko rediyon mota fiye da yadda za ta yi da cikakken kebul, domin an ruɗe ta ta ja fiye da abin da ramin ya yi alkawari. Wanda ya ga haka da idonsa ba ƙarya ya yi ba. Sai dai wannan dabara ba ta kai salula ga bolt 9, kuma ramin da ba shi da ƙarfi yakan yanke wutar ko ya ɗauki zafi.

Abin da yake hukunta saurin caji a jikin kebul shi ne kaurin jan ƙarfen da ke cikin ja da baƙi, da kuma tsawonsa. Ana auna kaurin da lambar AWG, wadda idan ta yi girma silin ya fi siranta. A jikin wasu kebul za a ga an rubuta 28AWG/1P da 24AWG/2C, ma'ana tufkar bayanai lamba 28 ce, silin wuta biyu kuma lamba 24. Idan silin wuta ya zama lamba 28, kebul mai mita 1 yana da turjiya, wato tare wa wuta hanya, ta kusan om 0.43 zuwa da komowa, saboda haka a amfiya 2 kusan bolt 0.85 ne yake ɓacewa a hanya daga cikin 5 da caja ta bayar, ya koma zafi a jikin roba. A lamba 24 asarar ba ta wuce bolt 0.34 ba. Salula idan ta ga wuta ta faɗi sai ta rage abin da take ja, caji ya koma rarrafe, idan kuma kebul ɗin mita 2 ne asarar ta ninka. Akwai kuma masu sa alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kuma yana saurin karyewa. Masana'antar da ta cire sili biyu domin tsimi ba kasafai take yin kyauta a kaurin biyun da suka rage ba, shi ya sa kebul ɗin caji kaɗai na araha yakan haɗa rashi biyu. Kaurin robar waje da rigar saƙa ba sa nuna komai, domin roba ta fi jan ƙarfe araha nesa ba kusa ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua yake haura digiri 40, salula da kanta takan rage caji domin kare batir, don haka bai kamata a yanke wa kebul hukunci da gwajin tsakar rana ba.

Da zuwan Type-C a shekarar 2014 lamarin ya sauya fuska. Bakinsa yana da gurbin haƙora 24, kuma an ƙara wani sili mai suna CC, wanda ta kansa caja da na'ura suke daidaita yawan wuta a tsarin Power Delivery. Kebul mai Type-C a kai biyu idan ba shi da wannan sili ba ya caji ko kaɗan, domin caja ba ta sakin wuta sai ta tabbatar da abin da aka jona mata. Wannan ne ma dalilin da ya sa wata tocila ko fanka mai bakin Type-C take caji da kebul ɗinta mai babban kai amma ta ƙi da cajar salula ta zamani: masu yin ta sun bar 'yan turjiya biyu, wato ƙananan kayan lantarki masu tare wa wuta hanya, da ya kamata su sa a ramin domin caja ta gane ta. Ƙa'ida ta wajabta wa kowane kebul na Type-C ya ɗauki bayanai aƙalla a gudun USB 2.0, saboda haka wanda ba ya ɗauka sam ya saɓa ƙa'ida, ko da yake kasuwa cike take da irinsa. Kebul na yau da kullum yana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60, wanda zai ɗauki amfiya 5 kuma sai an sa masa ɗan ƙaramin guntun lantarki a kai da zai shaida wa caja ƙarfinsa, sannan a samu wat 100, ko wat 240 a sabon tsarin shekarar 2021.

A wannan zamani, idan babban kamfani ya rubuta kebul ɗin caji a kwali, abin da yake nufi sau da yawa shi ne kebul mai ɗaukar wuta sosai amma bayanansa a gudun USB 2.0 na shekarar 2000 suke tafiya. Wanda ya zo da iPhone 15 a shekarar 2023 irin wannan ne, haka ma wanda yake zuwa da cajar kwamfutoci da yawa. Zai juye hotuna, amma ba zai kai hoto zuwa talabijin ko majigi ba, domin ba shi da silin gudu da wannan aiki yake buƙata, alhali USB4 na shekarar 2019 yana kai gigabit 40 a sakan ta baki iri ɗaya. Dokar Tarayyar Turai da ta tilasta bakin Type-C a kan sababbin salula daga 28 ga Disamba 2024 ta haɗa baki ne kawai, ba ta haɗa abin da ke cikin roba ba. A wurinmu kuma mafi yawan kebul na Type-C babban kai ne a ɗaya gefen, kuma irin wannan har yanzu ta kan fari da kore yake neman caji mai sauri. Ƙa'ida ta ce a sa masa turjiya ta kilo-om 56 a cikin ƙaramin kan. Wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya yi suna tun daga shekarar 2015 wajen gwada irin waɗannan kebul da fallasa waɗanda aka sa musu turjiyar da ba daidai ba, har a shekarar 2016 wani kebul da aka haɗa silinsa a juye ya ƙona masa kwamfuta.

Wuri ɗaya nake ganin kebul mai sili biyu ya fi ɗan'uwansa, shi ne inda mutum zai jona salularsa a ramin da bai san abin da ke bayansa ba. Tun a shekarar 2011, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON a Las Vegas, aka kafa wurin caji na gwaji domin nuna cewa ana iya shiga salula ta kebul, a shekarar 2013 kuma masu bincike na jami'ar Georgia Tech suka nuna cajar da ke dasa manhaja a iPhone. Bayan haka Apple ya sa iPhone ta riƙa tambaya kafin ta amince da kwamfuta, Android kuma daga bugu na 6 na shekarar 2015 ya mai da caji kaɗai zaɓin farko idan aka jona kebul. A Afrilun 2023 ofishin FBI na Denver ya sake yin gargaɗi a kan wuraren caji na filayen jirgi da otal, amma hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce ba ta da labarin wani da aka tabbatar an cuta ta wannan hanya. A ganina, rumfar cajin haya ta ƙauye, inda cajojin bango suke jere a kan allo ana ba su wuta da janareta ko sola, ba ta da wannan haɗari, domin babu kwamfuta a bayan ramin. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne miƙa salula a buɗe, babu lambar sirri, alhali saƙonnin kuɗin da 'yan bida suke aikowa gida da hotunan iyali duk suna ciki. Amma wanda zai yi caji a jikin kwamfutar shagon da bai sani ba, kebul mai sili biyu yana rufe masa ƙofa gaba ɗaya, tun da babu hanyar da bayani zai bi, da sharaɗin ya haƙura da jinkirin caji, kuma kebul ɗin ya zama nasa ne, domin a shekarar 2019 an nuna kebul mai kama da na iPhone wanda aka ɓoye na'urar kutse a cikin kansa.

Gane su kafin a biya kuɗi yana yiwuwa zuwa wani mataki. A babban kai, haƙora biyu na gefe masu ɗan tsawo na wuta ne, biyu na tsakiya kuma na bayanai, don haka idan na tsakiya babu su magana ta ƙare. Idan suna nan ba su zama hujja ba, domin ana sa kai mai haƙora huɗu a bar biyu ba a liƙa musu komai ba. Tambarin USB mai reshe uku yakan nuna cikakken kebul, sai dai masu jabu ma suna buga shi. Mai gyaran salula yana iya auna kowane haƙori da mitarsa daga kai zuwa kai cikin minti ɗaya, amma gwajin da ya fi sauƙi shi ne a jona salula da kwamfuta, a buɗe makullinta, a jawo sanarwar da ke sama, a duba ko ta ba da zaɓin tura fayil, wanda a salula mai Faransanci ake rubuta Transfert de fichiers. Idan zaɓin ya fito, kebul ɗin cikakke ne. Idan bai fito ba, kafin a yar da shi a leƙa ramin salular da tocila, domin ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana kai shiga har ƙarshe, kuma da tsinken itace ake fitar da su a hankali bayan an kashe salular, ba da allura ba. Wanda aka tabbatar na caji kaɗai ne sai a ɗaura masa jan zare ko a manna masa salatif, ya koma wurin fanka da tocila.

Cikakken kebul ma yakan koma na caji kaɗai da kansa. Silin bayanai sun fi na wuta siranta a yawancin kebul, kuma wuyan da ke bayan kai shi ne yake shan lanƙwasa idan ana danna salula tana caji, ko ana fizgo kebul ta tsakiya maimakon a kama kan, ko ana naɗe shi da ƙarfi a jikin caja. Sili ɗaya daga cikin fari da kore idan ya tsinke a nan, caji zai ci gaba amma a hankali, kwamfuta kuma za ta riƙa ganin salula tana ɓacewa tana dawowa, ko ta ce ba ta gane abin da aka jona mata ba. Mai gwadawa sai ya riƙe salula a jone ya motsa wuyan kebul ɗin a hankali, idan haɗin yana yankewa da motsin to a nan ya tsinke, kuma ba a amince wa irin wannan kebul wajen sabunta manhajar salula, domin yankewa a tsakiyar aikin tana iya hana ta tashi.